KIMIYYA DA ZAMANI: Guguwar Da Ke Tashi A Bayan Duniya Da Tsakar Dare

Ran 5 ga watan Afrilu na shekarar 2010, wani tauraron ɗan Adam mai suna Galaxy 15, mallakar kamfanin Intelsat, wanda ke kai shirye-shiryen talabijin ga mutanen Amurka ta Arewa, ya daina jin umarnin masu shi. Injiniyoyi suka yi ta aika masa da saƙo daga ƙasa, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu da su. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne tauraron bai mutu ba, na'urorinsa na watsa shirye-shirye suna nan suna aiki, ga shi kuma ya kama sulalewa daga inda aka ajiye shi yana ratsa wuraren taurarin maƙwabta, har ana fargabar ya cusa muryarsa cikin tasu. Haka aka yi ta fama da shi har wajen ƙarshen watan Disamba, sa'ad da batirinsa ya ƙare, na'urarsa ta sake tashi daga farko, ya komo cikin hayyacinsa.

Masana da dama da suka bi diddigin wannan abu sun lura cewa jim kaɗan kafin tauraron ya kurmance, wani taron ƙwayoyin lantarki masu zafin gudu ya auko wa wurin da yake a sararin samaniya. Abin da ya koro waɗannan ƙwayoyi shi ne abin da masana ke kira ƙaramar guguwar maganadisu, kuma a kanta ne filin nan zai yi bayani a wannan mako. Sunanta ƙarama, amma mai karatu zai ga cewa aikinta ba ƙarami ba ne.

GARKUWAR DA IDO BA YA GANI

Duniyar nan da ake zaune a kanta ƙaton maganadisu ce. A can cikin cikinta akwai narkakken ƙarfe da ke ta juyawa ba dare ba rana, juyawar nan kuwa ita ce ke haifar da ƙarfin da ke sa allurar kamfas ta nuna arewa. Masana suna kwatanta wannan ƙarfi da waɗansu igiyoyi da ba a gani, waɗanda ke fitowa daga ƙurewar kudancin duniya, su lanƙwasa can cikin sarari, su shiga ta ƙurewar arewa.

Ita kuma rana, ban da haske da zafi, kullum tana fesar da wata irin iska wadda ta ƙunshi ƙwayoyi iri biyu da ke cikin ƙwayar zarra, watau elektron da furoton. Wani masani Ba'amurke, Eugene Parker, shi ya fara bayyana ta da lissafi a 1958, sa'an nan kumbon Mariner 2 ya tabbatar da ita a 1962 a kan hanyarsa ta zuwa Zahra. Iskar rana takan yi tafiyar kilomita 400 a daƙiƙa guda, in ta fusata kuwa ta ninka haka.

To, in wannan iska ta iso duniya sai ta ci karo da igiyoyin maganadisun nan, ta dare biyu kamar yadda ruwan kogi ke darewa in ya sami dutse a tsakiyar hanyarsa. A ɓangaren da ke fuskantar rana iskar tana danne igiyoyin, ba sa wuce kilomita 64,000 daga tsakiyar duniya. A ɓangaren dare kuwa sai ta ja su ta miƙar, su zama doguwar wutsiya wadda ta zarce falakin wata, alhali shi wata yana nisan kilomita 384,000. Wannan fili duka, daga goshinsa har wutsiyarsa, shi ne garkuwar maganadisun duniya.

Da can an zaci babu kome a cikin filin nan. Ran 31 ga Janairu, 1958, Amurka ta harba tauraronta na farko, Explorer 1, ɗauke da na'urar ƙidayar ƙwayoyi wadda Shehun Malami James Van Allen na Jami'ar Iowa da almajiransa suka haɗa. In tauraron yana kusa da ƙasa sai na'urar ta yi ta ƙirga kamar yadda aka zata, amma in ya yi sama ƙwarai sai ta yi tsit. Bayan tauraro na gaba, Explorer 3, ya kawo ƙarin bayani a watan Maris, sai aka gane cewa ƙwayoyin ne suka yi wa na'urar yawa har ta shaƙe. Ta haka aka gano ɗamara biyu na ƙwayoyi masu ƙarfi da suka kewaye duniya, ta ciki tana farawa daga misalin kilomita 1,000 a sama, ta waje kuwa daga wajen kilomita 13,000 zuwa 60,000. Har yau da sunan Van Allen ake kiransu.

RAWA UKU A LOKACI GUDA

Kafin a fahimci guguwar, tilas a san yadda ƙwaya mai ɗauke da lantarki ke tafiya cikin maganadisu, domin ba ta iya miƙewa sak. Motsi uku take yi a lokaci guda.

Na farko, tana kewaya igiyar maganadisu kamar yadda zare ke naɗe mazari, kuma elektron yana yin wannan kewaye sau dubbai a daƙiƙa guda. Na biyu, tana bin igiyar zuwa arewa, in ta kusato duniya inda maganadisu ya yi kauri sai ya tare ta ya mai da ita baya, ta nufi kudu, can ma a sake mai da ita. Tamkar ƙoshiya ce a hannun masaƙi, tana kai da komowa, elektron mai ƙarfi kuwa yakan gama zuwa da dawowa cikin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. Na uku, tana sulalewa a hankali daga igiya zuwa igiya har ta zagaye duniya baki ɗaya. A nan akwai abin lura: elektron gabas yake sulalewa, furoton da sauran ƙwayoyi masu nauyi kuwa yamma suke yi. Masanin Suwidin Hannes Alfvén, wanda ya sami lambar Nobel a 1970, shi ne ya sauƙaƙa lissafin wannan tafiya.

Ma'aunin ƙarfin ƙwayoyin shi ne elektron-bolt, watau ƙarfin da elektron ke samu in aka tura shi da bolt ɗaya na lantarki. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne. Elektron ɗin da ke cikin iskar rana bai fi elektron-bolt goma ba, na cikin wutsiya yakan kai dubu, waɗanda guguwa ke korowa sukan kai dubu goma zuwa dubu ɗari da ɗoriya, a cikin ɗamarar waje kuwa akwai masu miliyan ɗaya da fiye. Elektron mai ƙarfin miliyan ɗaya yana tafiya da kashi 94 cikin ɗari na saurin haske. Tambayar da ta daɗe tana cin masana ita ce, ta yaya ƙwayar da ta baro rana da ƙarfi goma ta wayi gari da ƙarfi miliyan?

DAGA NORWE ZUWA ALASKA

Mutanen ƙasashen da ke ƙurewar arewa sun saba ganin wani haske kore da ja yana wasa a sama da dare kamar labule a cikin iska. Ƙwayoyin lantarki ne ke gangarowa ta igiyoyin maganadisu suna dukan iskar da ke can sama, daga kilomita 100 zuwa fiye da 200, ita kuma ta yi haske. Iskar oksijin ce ke ba da kore da ja, nitirojin kuma ta ba da shuɗi.

Wani masanin Norwe, Kristian Birkeland, ya kafa tashoshin awo a cikin ƙanƙarar arewa a shekarun 1902 da 1903, ya lura cewa allurar maganadisu takan firgita farat ɗaya da dare, ta yi sa'a ɗaya ko biyu tana rawa, sa'an nan ta natsu. Ya ce lalle akwai lantarki da ke gangarowa daga sarari ta igiyoyin maganadisu. Manyan masanan zamaninsa ba su yarda da shi ba, ya rasu a 1917, sai bayan shekara hamsin taurarin ɗan Adam suka gaskata shi.

A shekarar binciken duniya ta 1957 zuwa 1958, ƙasashe suka jera kyamarori masu ɗaukar hoton sama gaba ɗaya a yankunan arewa. Wani saurayi Bajapane, Syun-Ichi Akasofu, wanda ke aiki a Jami'ar Alaska tare da dattijon masanin Ingila Sydney Chapman, ya zauna ya bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya. A 1964 ya bayyana cewa wasan hasken nan yana da tsari: layin haske guda yakan yi tsit, sa'an nan kwatsam ya ƙara haske wajen tsakar dare, ya fashe, ya bazu zuwa arewa da yamma da gabas, daga baya ya dushe. Su biyun ne suka raɗa wa abin suna ƙaramar guguwa, domin a lokacin sun ɗauka cewa tarin irinta ne ke haɗuwa ya zama babbar guguwar maganadisu mai kwana da kwanaki. Yanzu an san cewa ƙaramar tana tashi ko da babbar ba ta zo ba, sau da yawa ma har sau uku ko huɗu a kwana guda.

JAN BAKA DA SAKIN KIBIYA

Asirin abin yana cikin wani bayani da masanin Ingila James Dungey ya kawo a 1961. Iskar rana tana tafe da nata igiyoyin maganadisu. In suka iso suna fuskantar kudu, alhali na duniya a goshin garkuwa arewa suke fuskanta, sai su tsinke su ƙullu da juna. Da zarar sun ƙullu, ƙofa ta buɗe ke nan, iskar rana ta kwashi igiyoyin duniya ta ja su ta bisa ƙurewar arewa da ta kudu ta jibge su a wutsiya.

Daga nan guguwar takan bi matakai uku. Matakin farko shi ne na tarawa, wanda Robert McPherron ya bayyana a 1970. Misalin rabin sa'a zuwa sa'a guda wutsiya tana ta cika, igiyoyin ɓangaren dare suna ta miƙewa kamar tsirkiyar baka a hannun maharbi, shimfiɗar ƙwayoyi da ke tsakiyar wutsiya kuma tana ta sirancewa. Mataki na biyu shi ne na fashewa. A can cikin wutsiya, wajen kilomita 130,000 zuwa 190,000 daga duniya, igiyoyin sama da na ƙasa suka matsu har su ma su tsinke su sake ƙulluwa. Guntun da ke ta waje ya dunƙule ya fice ta ƙarshen wutsiya ya ɓace cikin sarari, guntun da ke ta ciki kuwa ya zaburo wajen duniya kamar danƙon harbi da aka saki, yana kore da ƙwayoyi da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Wannan mataki bai cika wuce rabin sa'a ba. Na uku shi ne na farfaɗowa, inda kome ke komawa mazauninsa cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Ƙarfin da ake saki ba na wasa ba ne. Lantarkin da ke gangarowa ya bi ta sararin ƙasashen arewa a tsayin kilomita 100 yakan kai amfiya miliyan ɗaya. Wata guguwa da aka auna ran 23 ga Maris, 2007, an ƙiyasta ƙarfinta da na girgizar ƙasa mai maki 5.5.

ABIN DA TAURARO KE GANI DA TSAKAR DARE

A tsayin kilomita 35,786 bisa ikwaita akwai falakin da tauraro ke zagaya duniya cikin kwana ɗaya cif, don haka mutumin da ke ƙasa yakan gan shi tsaye wuri guda. A nan ake ajiye taurarin talabijin da na tarho da na duba yanayi, kuma shi ya sa kwanon talabijin da aka kafa a bisa rufi ba ya bukatar juyawa. Sai dai wannan falaki ya faɗo daidai bakin ƙofar da guguwa ke shigowa ta cikinta.

A 1971 masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Sherman DeForest da Carl McIlwain, suka bayyana abin da tauraron ATS-5 ya auno a wannan falaki, binciken da aka yi ta yi daga baya kuma ya cika hoton. A lokacin tarawa, ƙwayoyi masu ƙarfi sukan ragu ƙwarai a inda tauraron yake in yana ɓangaren dare, domin igiyoyin sun miƙe sun janye su daga wurin. Wannan shiru shi ne alamar abin da ke tafe. Da fashewa ta zo, igiyoyin suka lanƙwaso suka komo siffarsu ta da, sai ƙwayoyin su bayyana farat ɗaya, cikin minti ɗaya ko biyu, sun ninka yawansu na da sau goma ko sau ɗari. Wannan shi ake kira allurar ƙwayoyi, domin kamar an ɗura su ne da sirinji.

Tauraron da ke daidai wurin da aka yi allurar yakan ga masu ƙarfi da marasa ƙarfi sun iso tare. Wanda ke nesa, wajen asuba ko wajen almuru, labarinsa daban ne. Kamar sukuwar dawaki ne: a wurin tashi duk a jere suke, amma mai kallo da ke tsaye can gaba ingarma zai fara gani, sa'an nan matsakaita, guragu a ƙarshe. Haka ƙwayoyi masu ƙarfi ke riga marasa ƙarfi isowa, kuma daga tazarar da ke tsakaninsu masani yana iya lissafawa baya ya gano inda aka sake su da lokacin da aka sake su. Tun da elektron gabas yake yi, tauraron da ke wajen asuba shi ne ke shan ruwan elektron, na wajen almuru kuwa furoton yake samu.

Wani abin sha'awa kuma shi ne amsa-kuwa. Taron ƙwayoyin da ya wuce tauraro yakan zagaye duniya ya sake dawowa ya wuce shi, wani lokaci har sau uku ko huɗu, kowane zagaye yana ƙara watsewa. Elektron mai ƙarfin dubu ɗari yana gama zagayen cikin misalin sa'a guda a wannan falaki, mai ƙarfin miliyan ɗaya kuwa cikin minti goma.

INA ƘARFIN YA FITO?

Hanyoyi biyu ne manya da ƙwayoyin ke samun ƙarfi a kan hanyarsu ta zuwa daga wutsiya. Ta farko, duk sa'ad da aka turo ƙwaya daga inda maganadisu ke da rauni zuwa inda ya yi kauri, da'irar da take kewayawa tana tsukewa, gudunta kuma yana ƙaruwa, kamar dutsen da aka ɗaura wa igiya ana wulwulawa, in aka rage tsawon igiyar sai ya ƙara sauri. Ta biyu, wadda aka sa wa sunan masanin Italiya Enrico Fermi, ta shafi kai da komowar nan: igiyar tana gajarcewa sa'ad da take zaburowa, wuraren juyawa biyu suna matso juna, ƙwayar kuma tana ƙara gudu kamar ƙwallon da ke bugun bango biyu masu matsowa.

Amma waɗannan hanyoyi ba su cika kai elektron ga miliyan ba. Sauran aikin wani abu ne ke ƙarasa shi. Elektron ɗin da aka ɗura, sa'ad da suke sulalewa wajen asuba, sukan tayar da wani irin kaɗawar rediyo a cikin sarari, wadda in aka mai da ita sauti sai a ji kamar kukan tsuntsaye da sassafe, shi ya sa masana ke kiranta waƙar asuba. Wannan kaɗawa tana karɓe ƙarfi daga elektron masu yawa marasa ƙarfi, ta ɗora wa 'yan kaɗan, har su zama masu miliyan ɗaya ko fiye cikin kwana ɗaya ko biyu. Taurari biyu da Amurka ta harba ran 30 ga Agusta, 2012, masu ɗauke da sunan Van Allen, waɗanda suka yi aiki har 2019, sun nuna cewa a tsakiyar ɗamarar waje ake ƙera waɗannan elektron masu kisa. Watau ƙaramar guguwa ita ke kawo iri, ita ce kuma ke kawo takin.

Waƙar asubar nan tana da wani aiki kuma. Takan karkatar da waɗansu elektron su kauce daga kai da komowarsu su zubo cikin iskar duniya. A 2018 masanan Japan, da taimakon tauraronsu Arase, suka nuna kai tsaye cewa wannan zubowa ce ke sa hasken arewa ya riƙa ƙiftawa kamar bugun zuciya a ƙarshen guguwa. Masu ƙarfi daga cikinsu sukan nutso har tsayin kilomita 60 zuwa 90, inda suke shanye muryar rediyo mai gajeren zango, abin da ke damun jiragen sama masu ratsawa ta ƙurewar arewa.

Su kuma furoton da ƙwayoyin oksijin masu nauyi, waɗanda tun 1972 aka gano cewa daga iskar duniya kanta ake tsotso su, in suka taru suna sulalewa yamma sai su zama zoben lantarki da ya kewaye duniya. Ƙarfin wannan zobe shi ne ma'aunin babbar guguwa, ana kuma auna shi daga tashoshi huɗu, ɗaya daga cikinsu tana Hermanus a Afirka ta Kudu.

GARDAMAR SHEKARA TALATIN

An daɗe ana ja-in-ja a kan inda wutar ke fara kamawa. Wani rukuni na masana suka ce tsinkewar igiyoyi a can cikin wutsiya ita ce farko. Wani rukuni suka ce a'a, kusa da duniya ne, wajen kilomita 60,000, lantarkin da ke ratsa wutsiya ke fara rushewa, labari ya tafi baya daga bisani. Tauraro ɗaya ba zai iya raba wannan gardama ba, domin ba ya zama wuri biyu a lokaci guda.

Saboda haka ran 17 ga Fabrairu, 2007, hukumar NASA ta harba taurari biyar a roka ɗaya, a ƙarƙashin shirin THEMIS wanda Vassilis Angelopoulos ya jagoranta. Aka tsara falakinsu yadda kowane kwana huɗu za su jeru a layi cikin wutsiya, a ƙasa kuma aka shimfiɗa kyamarori a faɗin Kanada da Alaska. Ran 26 ga Fabrairu, 2008, guguwa ta faɗa cikin tarkon. Aka ga tsinkewar igiyoyi ta auku a misalin sulusin hanyar zuwa wata, bayan minti ɗaya da rabi hasken arewa ya ƙaru, sa'an nan rushewar lantarki kusa da duniya ta biyo baya. Rukunin farko suka yi murna, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin an ga waɗansu guguwoyin da ba su bi wannan jeri sosai ba. A watan Maris na 2015 aka ƙara harba taurari huɗu na shirin MMS, masu tafiya kusa da juna ƙwarai, don su leƙa cikin ɗan ƙaramin wurin da igiyoyin ke tsinkewa.

ƁARNAR DA AKE GUDU

Ƙwayoyin nan suna cutar da tauraro ta hanya biyu. Masu matsakaicin ƙarfi, irin waɗanda allura ke kawowa, sukan taru a jikinsa ta waje har wani sashe ya ɗauki dubban bolt fiye da na kusa da shi, musamman in tauraron yana cikin inuwar duniya ko ya fito daga cikinta ke nan. Daga nan sai tartsatsi ya tashi kamar ƙaramar walƙiya, ya rikita kwamfutar da ke ciki. Irin wannan ne masana da yawa suke ganin ya sami Galaxy 15. Masu ƙarfin miliyan kuwa huda bangon suke yi su shige, su taru cikin robar wayoyi kwana da kwanaki kafin su fashe. Ran 20 ga Janairu, 1994, taurarin Kanada biyu, Anik E1 da Anik E2, suka rikice a rana ɗaya ta wannan hanya, jaridu da gidajen rediyo suka rasa labarai, ƙauyukan arewacin ƙasar suka rasa tarho. An shawo kan na farko cikin sa'o'i, na biyun kuwa sai da aka yi kimanin wata biyar.

A ƙasa ma ba a tsira ba. In lantarkin da ke gudu a sama ya canja farat ɗaya, yakan haifar da wani lantarkin a cikin dogayen wayoyin wuta. Ran 13 ga Maris, 1989, da ƙarfe 2:44 na dare, a tsakiyar wata babbar guguwa, tsarin wutar lardin Kwibek na Kanada ya rushe cikin minti ɗaya da rabi, mutum miliyan shida suka shiga duhu da sanyi na sa'a tara. A guguwar ƙarshen Oktoba ta 2003 wuta ta ɗauke a birnin Malmo na Suwidin, a ta watan Mayu na 2024 kuwa manoman Amurka da dama sun dakatar da shuka saboda na'urar GPS da ke jan motocin nomansu ta ruɗe.

INA RUWAN NIJERIYA?

Mai karatu yana iya cewa wannan matsala ce ta mutanen ƙanƙara. To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tauraron sadarwa na Nijeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamba na 2011, a falakin nan na kilomita 35,786 aka ajiye shi, kuma duk tauraron da ke can sai ya ratsa ɓangaren dare sau ɗaya kowace rana. Haka taurarin da ke kawo wasan ƙwallo da labarai cikin gidajen Kano da Legas da Maiduguri.

Bugu da ƙari, ikwaitar maganadisu ta ratsa Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, kuma a bisanta akwai wani kogin lantarki da ke gudu gabas da rana a tsayin kilomita ɗari da 'yan kai. Chapman ne ya sa masa suna a 1951, ɗaya daga cikin manyan masanansa a duniya kuwa ɗan Nijeriya ne, Shehun Malami Cyril Agodi Onwumechili, wanda ya fara bincikensa a Ibadan tun shekarun 1950, daga baya ya shugabanci Jami'ar Ife. Abin da ya auku a ƙurewar arewa yana iya taɓa wannan kogi cikin 'yan mintoci, kuma in ƙaramar guguwa ta fashe, na'urorin awon maganadisu na ƙasashe masu zafi sukan ji wata 'yar karkarwa mai maimaituwa kowace daƙiƙa 40 zuwa 150. Ashe ke nan awon da aka yi a wannan yanki yana da daraja ga duniya duka, kuma irin aikin da aka kafa Cibiyar Binciken Sararin Iska ta Anyigba a Jihar Kogi dominsa ke nan, a ƙarƙashin hukumar NASRDA.

Babu mai iya hana guguwar tashi, amma rigakafi ya fi magani. Tun daga 1997, sa'ad da aka harba tauraron ACE, ana ajiye masu gadi a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi ta wajen rana, suna shinshinar iskar kafin ta iso, su ba da gargaɗin minti 15 zuwa sa'a guda. In suka ce igiyoyin da ke tafe kudu suke fuskanta, masu taurari sukan dakatar da aika umarni masu hatsari, masu wutar lantarki kuma su rage wa wayoyinsu kaya. Injiniyoyi sun koyi lulluɓe tauraro da abin da ke bin lantarki don kada ya taru wuri guda. Abin da har yanzu ya gagari masana shi ne faɗin daidai mintin da tsirkiyar za ta saki, ko da sun ga ana jan bakan. Ɗaliban lissafi da kimiyyar fiziks na jami'o'in ƙasar nan suna da wurin sa hannu a wannan aiki, domin yawancin awon da taurarin nan suka tara an buɗe shi kyauta a intanet ga duk mai son ya bincika.

Sai mako mai zuwa.